Kujerar da Mai Kushin Ya Kwance

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da yara. Mu nan sai godiya. Uwarki ta zo ranar Asabar ta cinye mana rabin yini da labarin ciwon ƙafarta, amma da na raka ta bakin titi ni ta bari a baya ina haki, don haka kada ki tayar da hankalinki. Ni ma garau nake, hannun dama ne kawai yake ɗan yi min gardama kwana biyun nan, ba wani abu ba.

Ita ce ta ce min makarantarku ta tura ki kwas, kin dawo kina koya wa yara yadda ake fushi da yadda ake hucewa. Ikon Allah! Mu a zamaninmu bulala ce take koyar da wannan darasi, kuma ban taɓa jin an tura ta kwas ba.

Na rubuto ne don ki ji magana daga bakina kafin uwarki ta sa mata gishiri: zan raba shago da Mai Kushin. Kin san shekara talatin da ɗaya muna ƙarƙashin kwano ɗaya, ni in haɗa katakon kujera, shi ya sa soso ya lulluɓe da yadi. A cikin garin katakon shagon nan kika koyi rarrafe. To, ranar wata Talata na yi sammako saboda za a kawo min filanki, sai na tarar da ƙofa a buɗe. Ina shiga na gan shi zaune dirshan a ƙasa, ya kifa kujera mai cin mutum uku da na gama haɗawa jiya-jiya, ya cire mata ƙafa biyu, yana sake awo da tef ɗina, har da fensir a bayan kunne wai shi kafinta. Da ya ɗago ya gan ni, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka yi sammako." Kuma yadda na ga hannunsa ya san inda gam yake da inda ƙusa take, na tabbata ba ranar ya fara ba.

Yau kwana goma sha takwas daga gaisuwa sai gaisuwa. In yana son guduma bango yake tambaya, ni kuma in ajiye ta a kan benci in juya baya. Mutumin da bai san bambancin zarto da wuƙar yanka burodi ba, shi zai bi bayana yana gyara min aiki? Na samu wani shago a bayan tasha, na ciki zai tashi nan da wata biyu, yana fita zan karɓi makulli.

Ki ba direban da ya kawo miki wasiƙar nan amsa in zai juyo. Kada ki kira ni a waya a kan wannan, waya ba ta barin mutum ya gama tunani.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kun tashi lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Muna nan ƙalau, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Direba ya kawo wasiƙarka, amma Kawu wannan rubutu fa? Sai ka ce kaza ta yi tono a kan takarda. Da ɗan ajina ne da na sa shi ya sake kwafewa tun daga farko.

Tunda ka raina min darasi, bari ka ji yadda yake. Yara hamsin da biyu gare ni a aji uku. In biyu sun yi faɗa ba na tambayar wa ya fara. Ina zaunar da su ne su fuskanci juna, in ba ɗaya dastar goge allo ya riƙe. Mai dasta shi kaɗai ke magana, ya faɗi abin da aka yi masa da yadda ya ji a ransa. Ɗayan ba shi da ikon ba da amsa sai ya maimaita abin da ya ji, har mai dasta ya ce "haka ne". In bai ce ba, sai a sake. Daga nan dasta ta koma hannun ɗayan.

Makon jiya wata doguwar yarinya ta kwaɗa wa yaron da ke gefenta littafi a ka, wai kullum sai ya matse ta a benci. Kafin ka ce kwabo iyayensu mata sun yi cacar baki a bakin get, alhali maƙwabta ne, famfo ɗaya suke ɗiba. Da aka ba yaron dasta ya ce shi ba matse ta yake yi ba, ƙusa ce ta fito a gefensa tana sukarsa, kuma yana jin kunyar faɗa don ta riga ta yaga masa wando. Sau uku yarinyar tana maimaitawa tana tsallake maganar kunyar, shi kuma yana cewa "ba haka ba ne". A na huɗu da ta faɗa daidai, muryarta ta yi ƙasa. Ni na buga ƙusar da dutse. Washegari na ga iyayen sun rako su tare, ɗaya tana riƙe wa ɗaya jaka.

Yanzu Kawu, in faɗi gaskiya? Ka yi haƙuri, amma ina ganin girman kai ne yake neman raba ka da Baba Mai Kushin. Ko harshe da haƙori ana saɓawa. Don ya taɓa kujera ɗaya za ka watsar da zaman shekara talatin? Wataƙila katakon ne ya goce ya gyara. Kai ne shugaban ƙungiyar masu sana'a na layinku, in kai ka yi haka me za ka ce wa na ƙasa? Ka je ka same shi, ka faɗa masa abin ya ɓata maka rai, shi ke nan an wuce wurin.

A gaida Inna, a gaida Baba Mai Kushin in ka yarda ka isar.

'Yarka.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki lafiya. Mu ma lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Mako biyar ke nan. Sau uku direba yana zuwa, in tare shi a tasha ya buɗe min tafin hannu. Na karya dokarka na kira waya, ka ce "lafiya lau" ka kashe. Na san wannan "lafiya lau" ɗin tun ina ƙarama, ita kake yi wa mai katako in ya kawo maka ɗanye.

Jiya wani abu ya faru da ni a aji. Wani yaro ya zo yana faɗa min ba ya son zama a layin gaba, kafin ya rufe baki na fara yi masa wa'azi a kan amfanin zama kusa da allo. Sai doguwar yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba ki maimaita ba." Ajin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma a raina kai na tuna. Da na dawo gida na ɗauko wasiƙarka na sake karantawa a tsanake, sai na ga layin da na tsallake wancan karon don ina sauri in kai ga rigimar. Ka ce hannun dama yana yi maka gardama. Ka sa shi a tsakanin ƙafar Umma da tsokanata, inda ka san ido zai wuce. Ni kuma, sarkin wayo, na buɗe amsata da yi wa rubutunka dariya. Wallahi Kawu na ji kunya, har na kasa cin abinci.

Don haka yau ba ni da shawara. Dasta tana hannunka, ni maimaitawa zan yi. Abin da na ji ka ce shi ne: hannunka ya fara rawa, aikinka ya daina fita yadda ka saba, kuma ba ka faɗa wa kowa ba. Ka shiga shago ka tarar wani ya riga ya gani. Kana tsoron ranar da za a ce tsohon kafinta ya gaza, shi ya sa ka gwammace ka koma inda ba mai bin bayan aikinka.

Haka ne, ko in sake?

Ka yafe min.

'Yarka.

*

Zuwa ga Malama,

Na gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidanki. Innarki tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki kin yi ƙoƙari da kika jure shirun mutumin da ita ta shekara arba'in tana jurewa. Uwarki lafiya, ƙafar ta koma hagu yanzu.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Wasiƙar da kika yi wa dariya kwana biyu na yi ina rubuta ta, ina hutawa tsakanin layi da layi. Amma na huce, kuma wannan ma kwana uku za ta ci, sai ki yi haƙuri da kazar.

Kin tambaya ko haka ne. Haka ne, amma saura kaɗan. Ni ba tsufa nake tsoro ba, kowa ya kwana ya tashi zai same shi. Tausayi ne ba na so. Da Mai Kushin ya zo ya ce min "kujerar nan ta karkace", da mun yi faɗa mun shirya kafin azahar, kamar yadda muka saba. Amma ya lallaɓo da sassafe kamar mai gyara wa yaro shimfiɗar da ya jiƙa. Wannan shi ya tsaya min a wuya.

Yanzu ki ji abin dariya. Wasiƙarki ta farko da na jefa a aljihun teburi, ita na ɗauko da rigima ta ɓarke a layinmu. Mai walda da mai shayi ne. Wannan ya ce ƙurar ƙarfe tana sauka masa a kan burodi, wancan ya ce ruwan wanke kofuna yana bi ta ƙarƙashin wayoyinsa. Layi ya rabu biyu. Teloli suka bi mai shayi, masu gyaran babur suka bi mai walda, har suna tafiya mahaɗar titi shan shayi don kada su zauna a bencinsa. Sau biyu ina zaman sulhu a matsayina na shugaba, ana tashi baram-baram. A na uku na ce bari in gwada wasan yaran nan, in bai yi ba ai ba a san daga inda na samo ba.

Dasta ba mu da ita, sai na ɗauko guntun katako. Na ce wanda bai riƙe wannan ba ya kama bakinsa, kuma ba amsa sai an maimaita. Mai walda, kin san shi da baki kamar injinsa, sau huɗu yana maimaitawa mai shayi yana cewa "ba haka ba ne". Ashe ba ƙura ce ta dame shi ba. Wata rana ne mai walda ya ce masa a gaban mutane, "Kai ma har sana'a gare ka? Ruwan zafi fa kake sayarwa." Wata bakwai maganar tana cinsa. Da mai walda ya maimaita ta da bakinsa, ya ji yadda take, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi wasa nake, amma ba ta yi daɗi ba." Da katako ya koma hannun mai walda, ya ce ruwan nan ya taɓa sa wuta ta ja shi har ya faɗi, ya ɓoye don kada a yi masa dariya. Mai shayi bai san da wannan ba, ya riƙe baki yana salati. Kafin mako ya zagayo mai walda ya kafa masa kariya da kwano, shi kuma ya haƙa wa ruwansa hanya ta baya. Masu babur sun dawo benci.

Tun daga ranar katakon bai huta ba. Teloli biyu sun are shi a kan wani kwastoma. Mai wanki ya kai shi gida ya dawo da shi washegari yana murmushi, ban tambaye shi ba. An rataye shi a ƙusa a rumfar mai shayi, in murya ta fara tashi sai ka ji wani ya ce "a ɗauko katako", a yi dariya, rabin faɗan ya mutu tun a nan.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A taron da ya wuce, ina shirin rufewa, mai walda ya miƙe ya ce, "Shugaba, saura ku. Wata biyu kuna gaisawa da Mai Kushin kamar surukai, kuma mun ji zancen bayan tasha." Na ce wannan maganar cikin shago ce. Mai shayi ya ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa." Suka sa mana ranar Alhamis ta sama. Makulli kuma ranar Asabar ɗin da ke biye zan karɓa.

Ban san abin da zan faɗa ba. In na ce ya taɓa min aiki, za a ce me ya sa ya taɓa.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ina rubutu a tsaye ne a tasha don direba ya kunna mota.

Na karanta wa malaman makarantarmu labarin katakon, ban faɗi na wane ne ba. Shugabarmu ta yi dariya har da hawaye, ta ce a samo mana guda a ofis.

Na ji gyaran da ka yi min: ba gazawa ba ce ta fi ci maka rai, a lallaɓa ka ne ba ka so. Ba zan faɗa maka abin da za ka ce ranar Alhamis ba, ka fi ni sanin mutumin. Duk yadda ta kaya, kai ne dai Kawuna da ya yi min teburin karatu na farko. Roƙona ɗaya ne, ka bari likita ya ga hannun nan.

'Yarka.

*

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Kowa lafiya. Na je wurin likita, don kada ki fara da wannan. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce abin ba ya tafiya amma ana rage masa gudu, ya kuma ce in rage shayi. Mai shayi ya ce wannan likita bai san aikinsa ba.

Ranar Alhamis da yamma aka jera benci a gaban rumfa. Mutum ya fi talatin, har da waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba. Mai walda ne ya tsaya a matsayina, yana ta hura hanci. Ya miƙa wa Mai Kushin katako tukuna.

Mai Kushin ya juya shi a hannu, bai kalle ni ba, ya ce, "Ni na yi laifi. Na taɓa aikinsa ban nemi izini ba. Katakon bana ne ba shi da kirki, yana gocewa bayan an haɗa, shi ne na ga ƙafar ta ɗan ɗaga na ce bari in daidaita. Ba raini ba ne. Ya yi haƙuri."

Na maimaita tiryan-tiryan, ya ce haka ne. Mutane suka fara gyara zama, an ɗauka an gama. Kuma da na so da an gama ɗin, ya buɗe min ƙofa in fita da mutuncina, laifi ya tafi kan katako. Amma ni na zaɓo katakon nan da kaina, busasshe ne kamar ƙashi. Na ga in na karɓi wannan ƙarya, gobe ma sai ya sake lallaɓowa, ni kuma in sake yin kamar ban sani ba.

Na miƙa hannu na karɓi guntun katakon. Da gangan na karɓa da dama, kuma ban ɗora shi a cinya ba. Ya yi ta kaɗawa a gaban kowa.

Na ce, "Katako lafiyarsa ƙalau. Hannuna ne yake rawa. Shekara guda ke nan in na ja layi ba ya miƙewa. Da na gan ka a ƙasa da tef ɗina kunya ce ta kama ni, na rasa inda zan sa ta, sai na mai da ita fushi. Kuma na ji haushi da ba ka faɗa min a fuska ba."

Mai walda ya share murya ya ce, "To Mai Kushin, maimaita."

Mai Kushin bai maimaita ba. Aka sake ce masa ya maimaita, doka ce. Sai ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Na ji shi, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na ƙarshen zan maimaita: ya ji haushi ban faɗa masa a fuska ba, kuma yana da gaskiya. Amma na farkon ba zan maimaita ba, ku ci ni tara in kun ga dama. Shekara biyu ina riga kowa zuwa layin nan don kada maganar nan ta fito daga bakin wani. Ba yau za ta fito daga nawa ba."

Shekara biyu, Malama. Ni na ce ɗaya, don a sanina ɗaya ce. Shekara guda cur ina kai wa mutane kujeru ana yaba min, ina shafa gemu.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, a gaban teloli da masu babur. Mai walda ya dube ni ya ce a hankali, "Shugaba, bai cika ba fa. Ya sake?" Na ce a'a, haka ne.

Ranar Asabar na je bayan tasha na ce wa mai shagon ya ba wani. Mun zauna da Mai Kushin mun raba aiki: ni in auna in sa alama, tunda ido da kai suna nan daram, shi ya ja layi ya riƙe zarto, a gabana, da rana tsaka. Haɗawa kuma tare. Na farkon da ya yanka ya goce da kusan faɗin farce. Na ce masa ko makaho ya fi shi saiti, ya ce ai da makahon ya koyi aiki shekara talatin. Muka yi ta yi har murya ta kai waje. Mai shayi ya leƙo da sauri da katako a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara kaɗan, sai ya juya ya ɗaga murya ya ce wa layi, "Ku kwantar da hankalinku, sun dawo."

Ki gaida yarinyar nan doguwa ta ajinku.

Kawunki.